Ƙwayar cutar H. pylori da ciwon cikin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa

Rakiya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga ma'aikatan lafiya da ke cikin zauren nan. An yi mini analiz na jini aka ce ina da ƙwayar cutar nan ta ciki, H. pylori. Na sha magani na koma, aka ce tana nan. Na sake sha, takardar da na karɓo jiya ma haka ta nuna. Kuma ciwon bai canza ba: loma kaɗan ciki ya cika tam, gyatsa ba iyaka, ga zafi a ƙahon zuciya, musamman bayan tuwon dare. Wai cutar nan ba ta mutuwa ne?

Alhaji Mamman:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba ki lafiya ɗiyata. Mu dai da muka taso, olsa yunwa ke kawo ta, da yaji, da yawan tunani. Lokacin da nake fatauci tsakanin nan da Kano, sai mutum ya wuni bisa hanya bai sa komi a bakinsa ba sai goro da shayi. Duk abokan tafiyata babu wanda ba ya kukan ciki. Yanzu kuma kowa ya je wajen lokotoro sai a ce masa ƙwayar cuta. Ki riƙa cin abinci kan lokaci, ki rage yaji, ki sha nono da safe.

Majo Isufu:
Malama Rakiya, Allah ya sawwaƙe. Kafin komi, duk gwajin da aka yi miki na jini ne? Ba a taɓa karɓar bayan gida ba?

Rakiya:
Duk na jini ne Majo. A yatsa ake soka ni, a ɗiga a wani ɗan farin abu, in jira kaɗan a ce layi biyu ya fito.

Majo Isufu:
To nan gizo ke saƙar. Wannan gwajin ba ƙwayar cutar yake gani ba, yana ganin garkuwar da jikinki ya haɗa don yaƙi da ita. Garkuwar kuwa tana zama cikin jini watanni da yawa, wani lokaci shekaru, bayan cutar ta mutu. Kamar tabo ne: miki ya warke, tabo na nan. Saboda haka ko da maganin farko ya kashe ta, gwajin jini zai ci gaba da nuna layi biyu. Ba a amfani da shi wajen tabbatar da warkewa, sam. Abin da ke nuna ko tana raye yanzu shi ne gwajin bayan gida na musamman da ake nemanta a ciki, ko gwajin numfashi, ko kuma a zura kyamara ta baki a ɗebo ɗan nama daga tumbi a duba.

Rakiya:
Inna lillahi. Ke nan mai yiwuwa maganin da na sake sha banza na sha? Wallahi sai da na ci bashi.

Majo Isufu:
Mai yiwuwa ne, kuma mai yiwuwa tana nan da gaske. Takardar da ke hannunki ba za ta iya raba gardamar ba. Abin yana ba ni takaici matuƙa, don ba ke kaɗai ba ce. Mutane da yawa suna zuwa mana da irin takardar nan, sun sha magani mai ƙarfi sau da sau a kan gwajin da ba zai taɓa canzawa ba.

Malam Habu:
Alhaji, da girmanka, ina so in ɗan taɓa maganarka. Abin da ka faɗa shi ne abin da likitocin duniya duka suka yarda da shi har zuwa wajen 1980: damuwa, yaji, yawan ruwan tsami na ciki. An ɗauka babu wani abu mai rai da zai iya zama cikin tumbi saboda tsaminsa. Wasu likitoci biyu ne a birnin Perth na Ostareliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka raba H. pylori da sauran ƙwayoyi suka raine ta a ɗakin gwaji a 1982. Ba a yarda da su ba. A 1984 Marshall ya ɗauki ruwan da ya raini ƙwayar a ciki ya shanye, bayan 'yan kwanaki ya kama amai, aka duba aka tarar tumbinsa ya kumbura. A 2005 aka ba su lambar Nobel. Tun daga nan gyambon ciki ya zama cutar da ake warkarwa gaba ɗaya, maimakon a yi ta lallaɓa ta har mutuwa.

Alhaji Mamman:
Malam na ji, kuma ban ƙaryata masu ilimi ba. Amma ka amsa mini wannan: in ƙwayar cuta ce, mi ya sa in na daɗe ban ci ba ciwo ke tashi, in na ci ya lafa? Ƙwayar cutar ta san yunwa ne?

Dokta Lawali:
Barkanku da dare. Yanzu na fito daga aiki na tarar da muhawarar. Baba Alhaji, tambayarka mai kyau ce, kuma abin da ka lura da shi gaskiya ne. In akwai gyambo a farkon ƙaramin hanji, wato inda tumbi ke juye abinci, to lokacin da ciki ba komi ruwan tsami yana zuba kai tsaye bisa gyambon. Shi ya sa yake tada mutum tsakar dare, in ya ci wani abu ya ji sauƙi. Yunwa da yaji suna tsokanar ciwon da ke nan, amma ba su ne suka huda wurin ba. Manyan masu hudawa biyu ne: wannan ƙwayar, da magungunan ciwon jiki irin su diclofenac, ibuprofen da aspirin.

Yadda take rayuwa cikin tsami kuwa, tana da wani sinadari da ke fasa yuriya ya fitar da amoniya, sai ta kashe tsamin da ke kewaye da ita. Siffarta a murɗe take, tana da 'yan wutsiyoyi, da su take kutsawa cikin majinar da ke lulluɓe da bangon tumbi ta zauna. Daga nan bangon ya riƙa kumbura a hankali, shekara da shekaru.

Amma ga abin da nake so kowa ya riƙe, don shi ne ya shafi Malama Rakiya. Kusan rabin mutanen duniya na ɗauke da ita, a Afirka kuwa wajen kashi 70 cikin 100. Binciken da aka yi a arewacin Najeriya a farkon shekarun 1990 ya samu fiye da kashi 80 cikin 100, kuma mafi yawa tun suna yara suka kamu. Mu nan Nijar da su ruwa ɗaya, abinci ɗaya, zama ɗaya. In yau na tsaya a ƙofar babbar kasuwa na soki yatsan duk mai wucewa, mafi yawa layi biyu za su nuna, har da wanda bai taɓa jin ciwon ciki ba. Cikin masu ɗauke da ita, kamar ɗaya ko biyu cikin goma ne ke samun gyambo. Sauran suna rayuwarsu lafiya lau. Saboda haka samun ta a jikin mai kumburin ciki bai nuna ita ce ta kawo kumburin ba.

Malam Habu:
Dokta, to in haka ne me ya sa ake ba da maganinta ga mai cushewar ciki? Na ga kamar maganganun biyu sun ci karo.

Dokta Lawali:
Ba su ci karo ba Malam. In an zura kyamara ga masu irin kukan Malama Rakiya, mafi yawansu ba a ganin gyambo ko wani rauni. Tumbin ne ke da saurin jin zafi, ko ba ya saki ya karɓi abinci yadda ya kamata, ko yana jinkirin juyewa. Ciwo ne na gaske, ba ƙarya mai shi yake ba. A cikin irin waɗannan, kashe ƙwayar yana warkar da kaɗan ne, kamar mutum ɗaya cikin 12 zuwa 14 fiye da waɗanda ba a ba magani ba. Wanda ke da gyambo kuwa, kashe ta ne ke hana gyambon dawowa. Sannan tun 1994 hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankarar tumbi, ko da yake kaɗan ne ƙwarai ke kaiwa can, kamar 1 zuwa 3 cikin 100. Shi ya sa in mai ciwo ya zo aka same ta a raye, muna kashe ta. Sai dai ya kamata mu faɗa wa mutum gaskiya tun farko: za mu kashe ƙwayar, amma mai yiwuwa kumburin ya ci gaba, sai mu nemi dalilinsa daban. Mu ma'aikata ba kullum muke tsayawa mu yi wannan bayani ba, layi ya yi tsawo, sai a rubuta ordonas a ce na gaba.

Inna Zinatu:
Ni dai jikata ce ke rubuta mini. Ku yara kun cika wahalar da kanku. Kanwa kaɗan a jiƙa a ruwa a sha, yanzu mutum ya yi gyatsa ya ji wasai. Da ita iyayenmu suka rayu.

Nana Aisha:
Inna ina wuni. Gaskiya ne ana jin sauƙi, don kanwa tana kashe tsami nan take, kamar yadda garin soda ke yi. Amma na ɗan lokaci ne, ba ta taɓa ƙwayar cutar, kuma gishiri ne a cikinta mai yawa. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda ko kumburin ƙafa tana iya yi masa illa. Likitocin Zariya ta Najeriya sun daɗe da alaƙanta yawan kunun kanwa da ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa. Nonon da Alhaji ya ambata ma haka ne, yana sanyaya ciki da farko, daga baya ya sa tumbi ya ƙara zubo tsami. A sha don abinci ne, ba don magani ba.

Yaya Rakiya, ni a farmasi nake aiki. Wane magani aka ba ki, kuma na kwana nawa?

Rakiya:
Wani kwali ne, kowane kati an raba shi biyu, gefe ɗaya an zana rana, gefe ɗaya wata, ƙwaya uku-uku. Na sati ɗaya. Ɗaci ya riƙa kama mini baki kamar na tauna ƙarfe, amma na daure na shanye.

Nana Aisha:
Na gane shi. Kin kyauta da kika shanye, da yawa ɗacin nan ke sa su ajiye a tsakiya. Sai dai sati ɗaya yanzu ana ganin ya yi kaɗan, kwana 14 ake so. Tsarin shi ne maganin rage tsami irin omeprazole, tare da magungunan kashe ƙwayoyin cuta aƙalla iri biyu, daga cikin amoxicillin, clarithromycin, metronidazole da tetracycline, wani lokaci a ƙara bismuth. Ba zan rubuta adadin da ake sha a nan ba, don na san akwai wanda zai ɗauka ya tafi wajen mai tallar ƙwayoyi ya haɗa da kansa. Akwai wanda jikinsa ba ya karɓar amoxicillin, akwai mai ciki, akwai mai shan wani magani da ba ya jituwa da clarithromycin.

Abin da ya fi damuna kuwa shi ne Flagyl, wato metronidazole. Ku duba tiren masu yawo da magani a tasha da ranar kasuwa: Flagyl da kafso mai ja da ɗorawa, a rana, a ƙura, ana sayar da ƙwaya biyu-biyu. Duk wanda cikinsa ya juya sai ya sayi biyu ya haɗiye. Ƙwayar da ke tumbinsa tana ganin maganin kaɗan-kaɗan har ta saba da shi. Shi ya sa a ƙasashen Afirka da dama metronidazole ya rage ƙarfi sosai a kanta. Ran da ake buƙatarsa da gaske sai ya ƙi aiki. Kuma in magani na farko ya kasa, ba a maimaita shi, canza haɗin ake yi.

Rakiya:
Ni kuwa kwalin nan dai aka sake rubuta mini. To yanzu mi zan yi?

Dokta Lawali:
Shekarunki nawa? Kin rame ba dalili? Abinci na tsaya miki a wuya? Amai mai yawa, ko da jini? Bayan gida baƙi? Akwai wanda ya yi sankarar ciki a danginku?

Rakiya:
Shekara 34. Babu ko ɗaya cikin waɗannan, alhamdu lillahi.

Dokta Lawali:
Madalla. To kada ki ƙara shan wani maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ki bari sati huɗu su cika daga ranar da kika gama na ƙarshe, kuma sati biyu kafin gwaji ki dakatar da omeprazole, don yana danne ƙwayar ta ɓuya, gwaji ya ce babu alhali tana nan. Sannan ki je labo ki faɗa musu a fili cewa gwajin H. pylori na bayan gida kike so, ba na jini ba, ba kuma na tsutsar ciki da aka saba ba. In ya nuna tana nan, ki kai wa likita kwalin da kika sha ya gani don ya canza. In babu, to an gama da ita, sai a duba wasu abubuwa: ƙwannafi, tsakuwar matsarmama da ake gani a hoton eko, giyardiya da sauran cututtukan hanji, ko tumbi mai saurin jin zafi da na faɗa. Kafin nan ki rage yawan abin da kike ci a zama ɗaya, ki rage mai, ki bar awa biyu zuwa uku tsakanin tuwon dare da kwanciya. A nan shawarar Baba Alhaji tana da amfani.

Alhaji Mamman:
To ai ka ga mun haɗu a hanya. Allah ya yi maka albarka.

Sanusi:
Salam. Ku yi haƙuri na shigo tsakiyar magana. Ni kabu-kabu nake yi, baya na damuna, kullum da safe nakan sha diclofenac biyu da shayi kafin in fita, da yamma in ƙara. Tun shekaranjiya bayan gidana ya koma baƙi ƙirin, yana danƙo, warinsa daban. Yau da na sauke fasinja wajen unguwar Ali Ɗan Sofo na miƙe sai jiri ya ɗebe ni. Shi ma wannan ƙwayar ce? In je gwajin bayan gidan?

Dokta Lawali:
Sanusi, kana shan maganin ƙarin jini ko bismuth? Su ma suna mai da bayan gida baƙi.

Sanusi:
A'a Dokta, diclofenac kawai.

Dokta Lawali:
To ka saurare ni ƙanena. Wannan alamar jini ce na zuba a cikinka. Jinin da ya bi ta tumbi da hanji baƙi yake fitowa, jirin kuma yana nuna ka yi asara mai yawa. Ba maganar gwaji ba ce, ba ta gobe ba ce. Ka tafi sashen gaggawa na asibiti yanzu, cikin daren nan. Kada ka tuƙa babur, wani ya kai ka. Kada ka ƙara shan diclofenac ko ɗaya, ka tafi da katin su gani. Ka tafi da ɗan uwa ko biyu ko za a buƙaci jini.

Majo Isufu:
Sanusi don Allah kada ka tsaya jiran safiya. Wace unguwa kake?

Sanusi:
Bagalam. Yayana na nan, na nuna masa, yana tada mota. Na gode.

Alhaji Mamman:
Allah ya tsare, ya ba da lafiya. In an nemi wani abu a faɗa a nan.

Nana Aisha:
Amin. Jama'a, ƙwayoyin ciwon jikin nan su ne na fi tsoro a garin nan. Masu babur, masu dako, magina, manoma lokacin huɗa da girbi, tsofaffi masu ciwon gwiwa, duk a kansu suke. Har da haɗin da ake ƙullawa a leda a ce maganin gajiya, ba wanda ya san abin da ke ciki. Suna raunana kariyar bangon tumbi, in kuma mutum na da H. pylori haɗarin ya ninka. Wani gyambon ba ya ma yin ciwo sai dai a ga jini. Paracetamol ba ya wannan ɓarnar in an sha daidai adadi.

Balkisa:
Allah ya ba shi lafiya. Dokta, ni maganar yara ce ta tsaya mini. Ka ce tun yarinta ake kamuwa. Ta wace hanya? Mu a gidanmu kwano ɗaya muke ci, ludayin fura ɗaya ke zagayawa, kuma kakarsu takan tauna nama ta sa wa ƙaramin a baki. Maigidana an same shi da ita. Sai na raba masa kwano?

Alhaji Mamman:
A'a fa. Nan kam ban yarda ba. Cin abinci tare shi ne zumunci, shi ne albarkar gida. In muka fara ware wa maigida kwanonsa kamar mai cutar kuturta, mi ya rage? Kada ilimi ya raba mu da juna.

Dokta Lawali:
Baba ban ce a raba kwano ba, kuma ba zan ce ba. Tana bi ta miyau, da amai, da ruwa ko abincin da ƙazantar bayan gida ta taɓa, kuma mafi yawan kamuwa cikin shekarun farko na rayuwa ne, daga uwa ko 'yan uwa a gida ɗaya. Babba bai cika ɗauka sabuwa ba. Don haka ware maigida ba zai ƙara komi ba sai ɓacin rai. Inda ƙoƙari ke da amfani shi ne wajen ƙananan: wanke hannu da sabulu bayan an fito daga bayi da bayan an yi wa yaro tsarki, ba a kwano ɗaya na ruwa da kowa zai tsoma hannu ba, a zuba da buta. Ruwan sha ya zama mai tsabta, randa a rufe, moɗa a rataye. Taunawar nan kuma, Malama Balkisa, ki roƙi kaka cikin ladabi a daka naman ko a yayyanka shi ƙanana.

Malam Habu:
A ƙauyukan bakin gulbi wajen Madarunfa da Tibiri, inda rijiya ke buɗe kuma damina ke kwaso komi ta zuba, wannan ba aikin uwa ɗaya ba ne. Ko an kashe ta a cikin mutum, in ruwan bai canza ba tana iya dawowa. Ƙasashen da ta ragu a cikinsu, ruwan famfo da masai da raguwar cunkoso a ɗaki ne suka rage ta tun kafin a san sunanta.

Balkisa:
To in kai yaran a gwada su? Babbar tana yawan cewa cikinta na ciwo kafin lakwal.

Dokta Lawali:
Yaro mai lafiya ba a gwada shi don kawai babansa na da ita, kuma ciwon cikin yara da ke zuwa yana tafiya ba kasafai ita ce sanadi ba. Ki kai ta a duba ta, a nemi tsutsa, a auna jininta, a tambaye ta ko tana karyawa kafin ta fita. In tana ramewa, ko ciwon na tada ta daga barci, ko tana amai, ko jininta ya yi ƙasa an ba da maganin ƙarin jini bai hau ba, a nan ne likitan yara zai yi tunanin ƙwayar.

Majo Isufu:
Yayan Sanusi ya kira ni. Sun isa, an sa masa ruwa, an ɗebi jini a auna. Ya ce a gode wa kowa.

Inna Zinatu:
Alhamdu lillahi. Dokta, tun da an hana kanwa, azumi na tafe, mu masu ciwon ciki yaya za mu yi?

Dokta Lawali:
Inna, wanda ciwonsa ƙwannafi ne ko cushewa, yawanci yana iya azumi. In likita ya rubuta masa omeprazole, ya sha kamar rabin awa kafin sahur, ba bayan ya ƙoshi ba. Buɗa baki da ruwa da dabino da kunu, a ɗan dakata, kada a fara da soye-soye da yaji da shayi mai kauri, kada kuma a koma barci nan take bayan sahur. Wanda aka tabbatar yana da gyambo da bai warke ba, ko ya taɓa zubar jini, ya ga likita tun kafin wata ya kama, don azumi na iya tada masa shi. Wanda kuma za a fara wa maganin kwana 14, gara a fara da wuri a gama cikin Sha'aban. Ki ce wa jikarki ta kawo ki a auna hawan jininki, tun da kin daɗe kina shan kanwa.